Taku Arba'in da Uku Zuwa Gareji

Talata, 1 ga Oktoba, 7:20 na safe

Kwana talatin da ɗaya ban taɓa giya ba.

Matar da ke jagorantar zamanmu na masu barin giya, na ranar Alhamis, ta ce kowa ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ke ransa. To, na saya. Abin da ke raina shi ne mijina Reino ya kwashe kayansa jiya ya koma ɗakin da ke saman gareji, bayan shekara arba'in da ɗaya muna kwana gado ɗaya. Ya ɗauki filonsa da rediyo da tukunyar kofi mai kyau. Ni ya bar mini mai yoyo.

"Ba tafiya na yi ba, Glenda," ya ce, yana rungume da filo. "Taku arba'in ne kawai."

Na ƙirga. Arba'in da uku ne. Wai wannan shi ne mutumin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi.

Ɗakin ba ya riƙe ɗumi, saboda haka ya ce zuwa faɗuwar dusar ƙanƙara dole ya san inda ya dosa: ko ya dawo cikin gida, ko ya tafi garin Kenora wurin 'yarmu Kirsti. Ita tuni ta gyara masa ɗaki, har da sabon labule, alhali ni ko wayata ba ta ɗauka. Ƙanƙarar garinmu Thunder Bay kuwa ba ta jiran Disamba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, 4:05 na yamma

Na dawo daga zama a bas. Motata dai kowa a unguwar nan ya san inda take. Ina cire takalmi sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar kicin, ƙofar da shi Reino ya kafa da hannunsa.

"Shigo mana," na ce. "Ko sai na aiko maka da katin gayyata?"

"Intanet ba ya kaiwa can. Jiya ina magana da Pia hoton ya tsaya cak, bakinta a buɗe. Kirsti ta ce ta yi ta kuka."

Pia jikarmu ce, shekararta shida. Na tambaye shi hannunta, wanda ya karye ranar da na yi hatsari da ita. Ya ce an kusa kwance ɗaurin. Ya kalli ƙasa, ni ma na kalli ƙasa, kamar a can muka yar da wani abu.

"Kirsti ta ce in kira mutumin kamfani."

"Mutumin kamfani? Shekara ashirin da takwas ina hawa falwaya ina ja wa rabin garin nan waya, sannan a gidana za a kira wani ɗan bana-bakwai? Lasin tuƙi suka karɓe, Reino, ba hannuwana ba."

"To. Amma ya zama nawa daban. Kada ya haɗu da na gidan."

"Ita ta ce, ko kai ka ce?"

"Ni ma na ce."

Maganar ta yi mini zafi fiye da tukunyar kofin. Na ce masa Asabar.

Asabar, 5 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Jikina kamar an daka ni a turmi. Tun safe nake haƙa daga bangon kicin zuwa gareji, kafin ƙasa ta daskare ta gagari shebur. Na zura kebul a bututu na binne, na huda bango na hau da shi sama. Reino yana biye da ni riƙe da tocilan da rana tsaka, wai taimako yake yi. Tsohuwar rautarmu, akwatin raba intanet, na zaro daga kabad na kakkaɓe mata ƙura.

Na ga ɗakin. Hoton Pia yana kan tebur, na Kirsti yana bango, nawa babu. Tagarsa, lungun baya take kallo, can yake ajiye motarsa, ta can kuma yake fita. Daga kicin ba na ganin komai sai bangon gareji.

Rauta biyu hanya biyu ake haɗa su, duk mai aikin waya ya sani. A bayan akwatin akwai shuɗin rami ɗaya da rawaye huɗu. In ka sa kebul ɗin da ya fito daga gida a shuɗin, ta biyun ta zama gida mai zaman kansa, ita ke raba wa na'urorinta lamba, babban gida ba ya ganin komai sai akwatin. In ka sa a rawaye, ka hana ta raba lamba, to ta zama ɗaki a cikin gidanka. Duk wayar da ta hau kanta, sunanta zai fito a jerin babbar rauta, da lokacin shigarta da lokacin fitarta.

Na sa wa tasa suna daban. Na ce ya zaɓi kalmar sirri, har na juya baya ina kallon bango yana dannawa da yatsa ɗaya.

"Nawa ne ni kaɗai?" ya ce.

"Ga sunanka, ga kalmar sirrinka. Me kuma kake so, in gina maka katanga?"

Ya yi 'yar dariya. Rabona da jin ta tun watan Agusta.

Ba zan rubuta ramin da na sa ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, 6:50 na safe

Rawaye.

Laraba, 9 ga Oktoba, 11:40 na safe

Ba saƙonninsa nake karantawa ba, kuma ba na jin abin da yake faɗa. Suna ne kawai a jeri: Wayar Reino. Tara saura kwata ya ɓace, wato ya tafi shan kofi da tsofaffin malamai 'yan uwansa. Sha ɗaya da rabi ya dawo. Shida da rabi na yamma layin yakan cika maƙil na minti ashirin, wato Pia ce. Ina zaune a teburin kicin da kwamfuta ina kallon lambobi suna hawa, jikata tana surutunta a cikinsu, ni ba na ji.

Wa na cuta? Mace ba ta da ikon sanin ko mijinta yana gida?

Juma'a, 11 ga Oktoba, 8:02 na safe

Ya fita daga jeri. Kenora, hutun Ranar Godiya. Ba a gayyace ni ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2:40 na rana

Kwana arba'in da huɗu.

Maƙwabciyata Bev ta kawo mini yankan talotalo da kek ɗin kabewa, fuskar nan a langaɓe kamar ta zo gaisuwar mutuwa.

"Glenda, ya ƙarfin hali? Kullum kina cikin addu'armu."

"Na gode, Bev. Ku dai rage murya in kuna addu'ar, ina jiyo sunana ta kan shinge."

Ta ajiye faranti ta tafi. Na cinye tas, don fushi ba ya hana ni cin abinci.

Na kira Kirsti, na'ura ta amsa. Yarinyar da na goya, na zaunar a gindin falwaya tana miƙo mini filaya tun tana 'yar shekara goma, yau muryarta da aka naɗa nake gaisarwa. Saboda sau ɗaya. Sau ɗaya tak cikin shekara shida da nake ɗaukar Pia a mota.

To, ba sau ɗaya ba ne. Sau ɗaya ne dai motar ta faɗa rami a gefen titi.

Shagon kusurwar nan mai sayar da giya a rufe yake yau saboda hutu. Na sani ne don na je har bakin ƙofarsa. Kada in yi wa kaina kirari da arba'in da huɗun.

Talata, 15 ga Oktoba, 3:26 na yamma

Ya dawo jeri. Na ji kunyar irin daɗin da na ji.

Asabar, 19 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Ko duniya za ta tashi, Bafinlande ba ya fasa saunar Asabar. Ya shigo ta ƙofar ƙasa ya hura wuta, ya yi wankan tururinsa, ya bar mini duwatsun da zafi da tsintsiyar ganye a jiƙe a bokiti, kamar yadda ya saba. Mun haɗu a matakala, gashinsa yana ɗiga.

"Hoton Pia bai ƙara tsayawa ba," ya ce. "Hannunki bai mutu ba."

Na ce masa lauyana yana son wasiƙa daga wani na gida kafin ranar shari'ata, sha biyu ga Nuwamba, wai alƙalai suna duba irin wannan. Ya daɗe yana goge wuya da tawul.

"Kin san ba na sa hannu a abin da ban tabbatar ba."

Na sani. Mutumin da ya taɓa hana ɗan shugaban makarantarsu maki biyu. A da abin alfaharina ne, yanzu kuwa ji nake kamar in kwaɗa masa bokitin.

Asabar, 26 ga Oktoba, 7:00 na yamma

Kwana hamsin da shida.

Yau ya leƙo kicin ya ce, "Ya yi zafi. In za ki zo, ki zo." Na tsaya da cokali a hannu kamar sakarya, sannan na bi shi.

Mahaifinsa yakan ce a sauna ana zama ne kamar a coci, ba faɗa, ba ƙarya. A kan wannan katakon muka zaɓi sunan Kirsti, a kansa muka yanke shawarar sayen gidan nan. Ya watsa ruwa a duwatsu, tururin ya tashi ya sauka.

"Na samo kwalbar da ke bayan injin wanki," ya ce. "Da ta cikin takalminki na hunturu, da biyun da ke cikin buhun gishirin narkar da ƙanƙara. Akwai saura?"

"Babu saura."

Wannan gaskiya ne, na rantse.

"Ba su kaɗai nake nufi ba. Komai da komai. Shekara huɗu kina sha a ɓoye, ina zaune da ke ashe ban san gidan da nake ciki ba. Ramin titin bai fi wannan yi mini ciwo ba, Allah ya yafe mini. Akwai wani abin da kike ɓoye mini yanzu?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na ɓoye. Maganar ta zo har bakina, launin ramin ma ina ganinsa a idona, amma ga shi zaune kusa da ni kafaɗarsa tana taɓa tawa, karo na farko cikin wata biyu. Na ji tsoro.

"Babu," na ce.

Ya ɗauki tsintsiyar ganyen ya bubbuga mini baya.

Litinin, 28 ga Oktoba, 9:05 na safe

Gobe zan canza ramin. Aikin minti biyu ne. Zan ce masa dubawa na zo yi.

Laraba, 30 ga Oktoba, 9:05 na safe

Ban canza ba. Rediyo ya ce ƙanƙara tana tafe mako mai zuwa. Yanzu ne zan makantar da kaina? Bari dai ya dawo cikin gida tukuna, sai in tone kebul ɗin gaba ɗaya, babu wanda zai sani.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 6:45 na yamma

Yau ne daren da yara ke bi gida-gida karɓar alewa, na cika kwano na kunna fitilar ƙofa. Yara suna ta yawo cikin kayan dodanni, iyayensu suna jan hannunsu su tsallake gidana. Uku ne suka zo, su ma baƙi ne a layin. Bev ta samu sun fi hamsin, ina jin ta tana ƙirgawa da ƙarfi. Allah ya sa alewarta ta ƙare.

Shida da rabi layin ya cika, minti talatin da ɗaya. Ban san shigar me Pia ta yi bana ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Kwana sittin da biyar.

Ina feraye dankali sai firintar da ke zaure ta farka da kanta ta fara gurnani. Ta turo takarda ɗaya. Na goge hannu na ɗauka. Wasiƙa ce zuwa ga alƙali. Ya rubuta cewa ni mace ce mai aiki da hannunta, wadda ta taɓa kwana uku a cikin guguwar ƙanƙara tana gyara layin asibiti. Ya rubuta cewa ban tsallake zaman Alhamis ko ɗaya ba. Kusa da ƙarshe akwai jimla ɗaya da na karanta sau huɗu: "Tun daga ranar ba ta ƙara ɓoye mini komai ba, kuma zan ci gaba da zama da ita a gidanmu."

Ban gama share ido ba sai ga shi a guje, ko kwat bai sa ba.

"Glen! Kin ga abin mamaki? Na danna a buga don gwaji kawai, sai ga firintar gidan ta fito a kwamfutata. Ta ƙetare bango biyu da tsakar gida!"

Glen. Rabon da ya kira ni haka tun kafin ramin.

"Takan yi haka wani lokaci," na ce.

"Kin karanta?"

"Na karanta."

"Sai na sake dubawa kafin in sa hannu." Ya karɓe ta ya naɗe biyu. "Bari in ba Kirsti labari yau. Kullum cewa take ban iya komai ba."

"Kada ka dame ta da maganar firinta."

"Ai dariya za ta yi."

Ba za ta yi ba. Kirsti a sashen kwamfutocin asibitin Kenora take aiki. Ta san cewa in firintar gida ta fito a gareji, to gida da gareji abu ɗaya ne. Ni na koya mata da hannuna.

Litinin, 6:30 na yamma

Layin ya cika. Minti arba'in da bakwai. Ina kallo.

Talata, 5 ga Nuwamba, 1:10 na rana

Yau bai ƙwanƙwasa ba. Ya shigo ya tsaya a kan tabarmar ƙofa da hularsa a hannu.

"Kirsti ta ce in duba bayan akwatin in gaya mata launin ramin."

Na rufe kwamfutar da ke gabana.

"Kin san lokacin da nake fita?"

"Na sani."

"Da lokacin da nake kiran Pia?"

"Ba na jin komai, Reino. Suna ne kawai a jeri."

"Na tambaye ki. A sauna na tambaye ki."

"Na zaci waɗancan kake nufi."

"Glenda."

"To, ban zata ba. Na ji abin da ka tambaya."

Daga nan sai bakina ya ɓalle, kamar kullum. Na ce sun rufe ni a gidan nan kamar mai cutar da ake ɗauka. Na ce 'yata ba ta ɗaukar wayata, maƙwabta suna cin namana da yamma, mijina ya juya mini bangon gareji. Na ce sunan nan a jeri shi kaɗai ne abin da ya rage mini, kuma ko kare ana barinsa ya leƙa ta taga. Ya bari na gama.

"Taku arba'in da uku ne," ya ce. "Ke kika ƙirga. Mako biyar ina zaune a can ina jira ki ƙwanƙwasa. Da kin zo, da na buɗe."

Ya ce in zo in canza yana gani. Muka taka tsakar gidan, shi a gaba, ni a baya, a kan layin ƙasar da na binne kebul. Na durƙusa na zare daga rawaye na sa a shuɗi, na kunna mata raba lamba. Minti biyu, kamar yadda na faɗa. Ya ce ya gode, irin godiyar da ake yi wa mutumin kamfani.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 9:05 na safe

Yanzu layi ɗaya ne a jeri: Rautar gareji, a haɗe. Ba ya fita, ba ya dawowa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 7:30 na safe

Ƙanƙara. Ta fara da asuba, tana sauka ba ƙaƙƙautawa.

A haɗe.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 12:20 na rana

Na dafa miyar kifi da madara irin ta mahaifiyarsa. Na zuba a kwano na rufe, na kai har bakin ƙofar kicin, na dawo da ita. Bari ya huce. Gobe Asabar, dole ya zo hura wuta.

A haɗe.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Kwana saba'in.

Ƙarfe uku bai zo ba. Ƙarfe huɗu na sa takalmi na ɗauki miyar na fita. Babu sawun kowa a tsakar gidan, nawa ne na farko. Na hau matakala na ƙwanƙwasa. Na sake ƙwanƙwasawa. Ƙofar ba a kulle take ba.

Ya gyara gadon. Filo babu, rediyo babu, hotuna babu. Tukunyar kofi mai kyau tana kan tebur a wanke, a kife. Na leƙa ta tagar baya. Inda motarsa take tsayawa ƙanƙara ta kwanta sumul har bakin lungu, ko alamar taya babu. Tun kafin ta fara sauka ya tafi, wato tun Laraba. Mako biyar ina gadin shigarsa da fitarsa, ga shi kwana uku ina gadin ɗakin da babu kowa.

Wasiƙar tana gefen rauta, ya danne ta da tocilan. Ya sa hannu, da kwanan wata. Maganar layin asibiti tana nan, maganar zaman Alhamis tana nan. Jimla ɗaya ce ya soke da jan biro. Da rula ya ja layin, miƙaƙƙe sambal daga "Tun" har "gidanmu", sannan ya sa haruffan sunansa a gefe, kada alƙali ya zaci wani ne ya taɓa.

Na zauna a bakin gadon na shanye miyar da sanyinta. Fitilar rauta tana ta ƙyafta kore. Ban cire ta daga wuta ba.

Ranar Talata wannan takardar zan miƙa wa alƙali, yadda take.